Tsakuwa a Shinkafar Madam

Shekara goma sha biyu na yi ina tauna abinci da gefe ɗaya na bakina, kuma duk tsawon shekarun nan laifin yana wuyan wata mata mai sayar da shinkafa a babbar kasuwar Jimeta. Ni na ɗora mata shi da bakina, alhali ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Madam muke ce mata. 'Yar ƙabilar Ibo ce, ta zo garin nan tun tana amarya, ta kafa rumfa a layin masu hatsi. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a bakinta, in Hausar ta ƙare mata sai ta cike da Turancin buroka. A wajenta nake sayen shinkafa tun farkon aurena. Takan cika mini mudu har ya yi tozo, ta ƙara da gyara, ta ce, "Kostoma, gaishe da Oga."

Ogan da take aika wa gaisuwa ma'aikacin gwamnati ne, muna zaune a cikin Yola. A waje mutum ne mai fara'a, in ya fito da safe har kajin maƙwabta sai ya gaisar. A cikin gida kuwa hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ranar da abin ya faru, abinci ne ya huce kafin ya dawo. Ya kawo mini bayan hannu a kuncin hagu, hannun da ke da zoben azurfa, na ji wani abu ya ce ƙas a cikin bakina. Ba shi ne duka na farko ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba, amma shi ne ya bar shaida a inda mayafi ba ya rufewa.

Washegari sai ga Goggo, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni tun ina ƙarama. A unguwar Dubeli take zaune, a nan Jimeta. Bafulatana ce ta ainihi, a wajenta maganin kowace cuta munyal ne, wato haƙuri, in bai yi ba a ƙara wani. Ta zauna a bakin tabarma, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ta ce, "Ɓingel am, 'yata, me ya sami fuskarki?"

Na ce, "Tsakuwa na tauna a shinkafa, Goggo."

Ta dubi kuncina, ta dubi idona da shi ma ya kumbura, ta kawar da kai. Sai ta yi tambayar da ta fi sauƙin yi.

"Shinkafar wa?"

Da na yi shiru, da an wuce wajen. Amma baki ya riga ya ɗauki hanya, na ce ta Madam ce.

Goggo ba ta koma Dubeli ba sai da ta biya ta kasuwa. Faɗan da kunya ba za ta bar ta ta yi wa suruki ba, shi ta sauke wa Madam a gaban jama'a, rabi da Hausa, rabi da Fulatanci. Kafin sati ya zagayo duk layinsu Goggo an san shinkafar Madam tana cire haƙori. Wata ma ta rantse ita ma ta taɓa tauna, wata ta ce ai da gangan ake zubawa don mudu ya yi nauyi, kamar ana sayar da mudu a kan sikeli. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa har jikoki ta yi. Madam ba ta yi musu ba. Sai dai tun daga lokacin aka fara ganinta zaune a gaban rumfa da faifai a cinya, tana tsince shinkafa ƙwara-ƙwara inda kowa zai gani. Ni kuwa na daina bin layin masu hatsi. In zan shiga kasuwa sai in zagaya ta wajen masu kifi, in dawo gida ina ƙarni.

Bayan shekara biyu rikicin masu tayar da ƙayar baya ya yi tsanani a arewacin jihar. Mutane suka yi ta kwararowa cikin Yola da Jimeta, wasu a manyan motoci, wasu a ƙafa, kowa da ƙunshi a ka. Wata safiya bayan ya tafi ofis na ɗaure nawa ƙunshin, na riƙe hannun 'yata mai shekara biyar, muka fito titi. A wancan lokacin ba wanda ke tambayar mace mai ƙunshi ina za ta. Mai keken da ya kai mu Dubeli ma cewa ya yi, "Sannunku da wahala, Allah ya mayar da ku gida lafiya." Ban ce amin ba.

Takardar saki ta biyo ni. Goggo ta ce rabon zama ne ya ƙare, ta ba mu ɗakin kusa da nata, ba ta ƙara tambayar komai ba.

Na sami aikin girki a sansanin 'yan gudun hijira da ke Malkohi. Tukwane ne manya waɗanda mutum zai iya wanka a ciki, murafensu kamar faranti na ƙarfe. Wata rana ina juya miya, wata ta saki murfi a bayana, ya faɗi kan duwatsun murhu. Ban san lokacin da na bar wajen ba. Na dai tsinci kaina a tsugune a bayan tankin ruwa, hannuwana biyu a kan kaina, ga wata mata kusa da ni a tsugune ita ma, wadda ta kwana uku tana gudu a daji kafin ta iso sansanin. Muka dubi juna.

Ta ce, da irin Hausar yankinmu da ba ta raba mace da namiji, "Kai ma daga wane gari ka gudu?"

Na ce, "Ni 'yar nan ce. Ɗan kunnena ne ya faɗi."

Ai kuwa sai ta yi shela. Mata wajen ashirin suka duƙa suna tone ƙasa, mutanen da suka baro gidajensu da gonakinsu suna nema mini ɗan kunne, wata har da tankaɗe yashi da rariya. 'Yan kunnen kuwa duka biyun suna kunnuwana a ƙarƙashin ɗankwali, na ƙara jawo shi ƙasa na taya su nema.

Akwai wata ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa da ke zuwa sansanin, Malama ake ce mata. Takan shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya, mata su kewaye ta. Ba allura, ba ƙwaya, sai magana. Mu masu girki mukan yi mata dariya a bayan ido, mu ce in da magana magani ce, da ba macen Dubeli da za ta taɓa zuwa asibiti. Ranar neman ɗan kunnen nan tana tsaye tana kallo, ba ta duƙa ba. Da aka watse ta zo ta miƙa mini 'yar takarda mai lambar waya, ta ce duk Talata tana da ɗaki a wani asibiti a Jimeta.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malama, ni fa ba 'yar gudun hijira ba ce."

Ta ce, "Na sani, Hajiya. Ki dai ajiye."

Gaskiyar magana kunya ce ta kama ni. Matan da ke zama a tabarmarta an kashe musu maza a gaban ido, an ƙone musu garuruwa. Ni da na gudo daga mutum ɗaya tak, mai zobe, da wace fuska zan je in zauna in ce ni ma ina da damuwa? Ga tsoro a kai. Ina tsoron a ce na haukace. Ina kuma tsoron in buɗe baki ya ƙi rufuwa, don an raine ni a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma nawa ya cika har wuya. Na kai takardar gida na sa ta a ƙasan kwalla, inda nake ajiye 'yan kunnena da ba su taɓa ɓata ba.

Shekara goma ta yi a can. Aikin sansani ya ƙare, na koma girkin biki da suna, sana'ar da ba ta da komai sai murafen tukwane. Na iya zama inda bango ke bayana. Na iya dariya da sauri in na firgita, kafin wani ya riga ni.

Abin da ya sa na buɗe kwallar nan 'yata ce. Wata rana ina yanka albasa na ji ta daga bakin ƙofar kicin tana cewa, "Dada, ni ce, zan wuce ta bayanki." Ta wuce, ta ɗauki murfin tukunya da hannu biyu, ta ajiye shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Sai na lura kullum haka take yi. Ban taɓa koya mata ba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar, lokacin da ya kamata a yi ta faɗa da ita kan buga ƙofa da fasa kofi, tana yawo a gidan uwarta kamar baƙuwar da ta zo ta'aziyya. Na ce albasa ce ta shiga idona. Wannan kam ba ta yarda ba, ta dai miƙo mini ruwa. Da ta tafi makaranta na kira lambar da ke takardar, ina fatan ta daina aiki. Aka ɗauka. Har yanzu Talata ce.

Asibitin yana da doguwar baranda mai ƙofofi huɗu a jere. Ta farko ta awon jini, ta biyu ta ido, ta uku ta haƙori, ta ƙarshe an rubuta Ɗakin Shawara a kanta, amma kowa a gari ya san ta da ɗakin masu taɓin hankali. Na sa hijabi har ƙasa, na ɗaura takunkumin fuska irin wanda ya rage mana daga zamanin annoba, na hau keke a nesa da layinmu. Na taka barandar ke nan, sai na ji daga gindin darbejiya an ce, "A'a, 'yar gidan Goggo. Wa ke ba lafiya?"

Adda mai kunu ce, maƙwabciyarmu. Ashe a nan take kasa kunun zaƙinta, daidai inda take ganin ƙofofin nan huɗu kamar tafin hannunta. Adda mutuniyar kirki ce, amma in ta ji labari da safe, kafin azahar ya kai har garin Girei.

Na ce, "Adda, ya aka yi kika gane ni?"

Ita ma kowa "kai" ne a bakinta. Ta ce, "Ko a buhu aka sa ka, tafiyarka na gidan Goggo ne. Me ya kawo ka?"

Ƙofar farko ce ta fi kusa. Na ce, "Awon jini."

Ta raka ni har layi, ta roƙi wani tsoho ya matsa mini. Da aka ɗaura mini abin awon zuciyata tana dukan tara-tara, sai ga shi jinin ya hau da gaske. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Goggo ta kwashe gishirin gidan ta kulle a akwatinta. Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowacce da nata maganin, mai tafarnuwa, mai zogale, mai zoɓo ba sukari, suna ta "Allah hoynu," wato Allah ya sawwaƙe, ni kuma ina kwance ina amsa amin da muryar marasa lafiya. Tun daga ranar nan aka koma cin miya lami a gidanmu.

Talata ta biyu na yi sammako don in riga Adda. Na tarar har ta sayar da rabin bokiti.

"Jinin ne kuma?"

"A'a, yau ido ne."

A ɗakin ido na yi niyyar in nuna ba na gani sosai, amma ban iya ƙaryar da tsari ba. Na karanta ƙananan haruffan layin ƙasa tsaf, sannan na ce babban na sama ya yi mini dishi-dishi. Ma'aikacin ya cire nasa gilashin ya dube ni, ya ce, "Hajiya, idonki ya fi nawa. Ki je gida." To ina zan koma Dubeli hannu rabbana, alhali Adda ta riga ta sanar? Na biya ta kasuwa, ta wajen masu kifi, na sayi gilashi a tire wajen wani mai talla. Da na sa shi ƙasa ta taso mini har gwiwa. Na shigo layinmu ina ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai tsallake kwata, yara suna biye da ni. Goggo ta ce tun ina ƙarama ta lura ina lumshe ido. Aka sake sabuwar dubiya, wannan karon da karas da man shanu.

Ran Talata ta uku na tsaya a bakin barandar na ƙirga. Ƙofa ɗaya ce ta rage tsakanina da ta Malama. In na ɓatar da ita, mako mai zuwa sai dai in ce awon ciki na zo, ni da ba miji. Na yi bisimilla, na miƙe, na wuce ta farko, na wuce ta biyu, har na hango labulen ɗakin ƙarshe yana motsi.

"Yau kuma fa?" in ji Adda.

Na ce, "Haƙori," na faɗa ƙofa ta uku.

Likitar haƙorin matashiya ce, ba ta da yawan magana. Ta kwantar da ni a kujerar nan mai komawa baya, ta haska fitila, ta taɓa mataunin hagu da ɗan ƙarfe, na kusa tashi sama. Ta tambayi yadda ya karye, na ba ta labarin tsakuwa, wanda na maimaita har na fara jin ɗanɗanonta. Ta sa aka ɗauki hoto. Ta ce guntun da ya rage ya ruɓe, sai an cire. Aka yi mini allura, aka cire, ta cusa mini auduga ta ce in cije, kada in yi magana sai bayan awa guda. Sannan ta jawo kujera ta zauna, ta ɗaga hoton wajen haske.

Ta ce, "Hajiya, tsakuwa daga sama take fasa haƙori. Wannan daga gefe aka fasa shi. Kuma ƙashin muƙamuƙin nan ya taɓa tsagewa, ya haɗe da kansa. Wani ne ya buge ki?"

Tunda aka haife ni, in aka tambaye ni, bakina ne ke riga ni amsawa: lafiya lau, ba komai, jam. Ranar nan ce ta farko da aka yi mini tambaya bakin yana cike da auduga, leɓe ya mutu, harshe ya yi nauyi kamar na wani. Na yi ƙoƙarin cewa tsakuwa, abin da ya fito ko akuya ba za ta amsa ba. Sai hawaye suka gangaro, suka shige kunnuwana saboda a kwance nake. Na gyaɗa kai.

Ta ajiye hoton, ta ce akwai wata a ɗakin gaba da ta fi ta sanin wannan aikin, in ina so za ta raka ni. Na buɗe jaka na ciro takardar nan da ta koma ruwan ƙasa na nuna mata. Ta riƙe hannuna muka fito. Taku bakwai ne daga ƙofarta zuwa ta Malama, na ƙirga, a gaban idon Adda da duk masu shan kununta.

Na sha zana ɗakin nan a raina, da sarƙa, da ƙattai masu riƙe mutum, da allura mai tsawon kara. Abin da na tarar kujeru biyu ne, da fanka mai ƙara, da wata shuka a gwangwani da ta fi ni buƙatar taimako. Malama ta yi furfura. Ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce, "Wannan ta fi wasu ma'aikatanmu daɗewa a aiki. Kin ga ɗan kunnen kuwa?"

Na so in yi dariya, yawu ya zubo. Haka na fara zuwa wajen da ba a yin komai sai magana, a ranar da likita ta hana ni magana. Malama ta ce ba laifi, yau zama kawai za mu yi. Ta tambaye ni ko mutumin yana inda zai iya taɓa ni yanzu, na girgiza kai. Ta tambaya ko ina so in dawo, na daɗe ina kallon shukar nan kafin na gyaɗa. Ta ce abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake tsayawa. Sauran lokacin muka saurari fanka.

Da na fito na san kafin in kai titi an gama da ni a Dubeli. Adda ta zubo kunu a kofi, ta tuna ba zan iya sha ba, ta shanye abinta. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta juya wajen masu sayen kunu ta ce da ƙarfi, "Gilashin nan ne. Ya sa shi ɓata ƙofa."

Abin da ya isa Dubeli ke nan. Talata ta gaba da na fito daga ɗakin ta ce, "Har yanzu gilashin bai daidaita ba?" Na ce bai daidaita ba. Ta ce, "To Allah hoynu. A ci gaba da ɓata ƙofar." Ko gilashin ma ba na sawa a lokacin. Ban taɓa sanin cikin Adda yana da ɗakin ajiya ba sai a kaina.

Ba zan ce bakina ya buɗe nan take ba. Zama biyu na yi ina gaishe da Malama, ina tambayar mutanen gidanta ɗaya bayan ɗaya, ina ba ta labarin ciwon gwiwar Goggo. Ta saurari gwiwar nan da haƙuri kamar ita ce za ta yi mata aiki. A zama na huɗu na ce, "Yana dukana." Na jira rufin ɗaki ya faɗo, bai faɗo ba. Na jira ta ce me kika yi masa, ko ta ce munyal, ko ta tuna mini matan Malkohi. Ta ce, "Bai kamata a yi miki haka ba." Ina da shekara arba'in da ɗaya a duniya, ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan. Na yi kuka har na ji yunwa.

Aka yi watanni. Wasu Talatocin nakan fito da sauƙi, wasu nakan fito kamar an yi mini sabon duka, in rantse ba zan koma ba, in koma. Wata rana Malama ta tambaye ni, in zan faɗa wa mutum ɗaya gaskiya a wajen ɗakin nan, wa zan fara faɗa wa. Ta zaci zan ce Goggo ko 'yata. Ni ma haka na zata, sai na ji na ce Madam.

Na shiga kasuwa ta layin masu hatsi, karo na farko cikin shekara goma sha biyu. Tana nan a gaban rumfarta, ta yi ƙiba, ta sa gilashi na gaske, faifai a cinya. Ta ɗago ta ce, "Kostoma. Ka mutu ne ka dawo?"

Na tsuguna na gaishe ta. Duk jawabin da na shirya a keke ya gudu. Na ce, "Madam, babu tsakuwa a shinkafarki. Mijina ne ya fasa mini haƙori. Ƙarya na yi miki, ki yafe mini."

Ba ta daina tsinta ba. Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun ranar da Mama naka ya zo yana ihu, ya ce har ido naka ya kumbura. Abeg, wane irin dutse ne za ka tauna a baki ya kumbura ido? Ni ma mace ne."

Na ce to me ya sa ba ta kare kanta ba, ta bari aka ɓata mata suna, masu saye suka gudu.

Sai a lokacin ta ajiye faifan. Ta ce, "In na ce shinkafa na ba dutse, za su tambaya to mene ya fasa haƙori. Oga zai ji. Zai fasa wani. Na ce bari dutse ya zauna a wajena, ni ba wanda zai buge ni a kan shi."

Na zauna a kan buhu. Shekara goma sha biyu ina zagayawa ta wajen masu kifi don gudun matar nan, ashe ita tana zaune tana riƙe mini asiri a faifai, a bainar jama'a. Don kunya da godiya na rufe fuska da mayafi ina hawaye.

Ta ce, "Kar ka jiƙa mini kaya. Karɓa, taya ni." Ta miƙo mini wani faifan.

Muka yi ta tsinta. Can sai yatsana ya taɓa wani abu mai tauri. Na ɗago shi, 'yar tsakuwa ce fara, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Madam ta gyara gilashi ta duba, ta waiga hagu da dama, ta ce a hankali, "Kar ka gaya wa Mama naka." Muka yi dariya har mai rumfar kusa ya leƙo.

Ta cika mini mudu ya yi tozo, ta ƙara gyara. Ta buɗe baki za ta ce a gaishe da Oga, ta fasa, ta ce, "Gaishe da yarinya."

Da la'asar na dafa shinkafar. Goggo ta ci loma biyu ta tambayi ta wa ce, na ce ta Madam ce, kuma ba ta taɓa fasa mini haƙori ba. Goggo ta tsame hannu daga kwanon, ta ce ran Juma'a in raka ta kasuwa, tana da magana da matar nan. Ta tashi ta buɗe akwati ta fito da gishirin da ta kulle tun ranar awon jini.

'Yata tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ta kwashe kwanuka ta nufi kicin, ta ce, "Dada, zan wuce ta..." Na ce mata ta wuce kawai, gidansu ne. Ta wuce. Murfin tukunya ya kuɓuce mata ya faɗi a siminti, ya yi ta juyi yana ƙara. Na firgita har cokali ya faɗi daga hannuna, amma ina nan zaune inda nake. Ta daskare tana kallona.

Na ce, "Ke, ba ki da hannu ne? Ɗauki abinki."

Shi ne faɗa na farko da na taɓa yi mata a kan ƙarar kwano. Ta duƙa ta ɗauka tana murmushi, ta shige kicin, ta bugo ƙofar da ƙafa.